Lacca: Yadda ake ƙirga ƙwayoyin sinadari da sikeli

Jama'a, assalamu alaikum. Ƙwayar zarra ba ta ƙirguwa ɗaya bayan ɗaya, ido ma ba ya ganinta. Shi ya sa masana sinadarai suke ɗora samfur a kan sikeli, daga nauyin su fitar da yawan ƙwayoyin. Abin da ya haɗa nauyi da yawa shi ne mol.

Mol adadi ne, kamar yadda dozin yake sha biyu. Mol ɗaya ƙwayoyi ne 6.022 × 10²³. Sunan Avogadro, masanin Italiya, aka sa wa lambar, kuma a 2019 aka tsayar da ita daidai a kan 6.02214076 × 10²³.

Mu ɗauki giram 9 na ruwa, H₂O. Ƙwayar zarrar haidurojin nauyinta 1, guda biyu ne, 2 ke nan, ta oksijin 16. Jimilla 18, wato mol ɗaya na ruwa giram 18 ne. Ku raba 9 da 18, rabin mol. Ku ninka shi da lambar Avogadro, molekul 3.011 × 10²³ (molekul shi ne ƙwayoyin zarra da suka haɗu wuri ɗaya, kamar H₂O guda).

To a nan nake so ku natsu, domin a nan mafi yawan ɗalibai suke zamewa. Kafin ku taɓa kalkuleta, ku tambayi kanku: mol na mene ne? In ƙwayoyin zarra ake nema a ruwan nan, kowane molekul yana ɗauke da guda uku, amsar ta koma 9.033 × 10²³. Iskar oksijin kuma bibbiyu take tafiya, O₂, mol ɗinta giram 32 ne. Wanda ya raba da 16 ya ruɓanya molekul ɗinsa. Gishiri, NaCl, ba shi da molekul sam, ayon ne a jere, wato ƙwayoyin zarra masu cajin lantarki. Giram 58.5 nasa mol ɗaya ne na Na⁺ da mol ɗaya na Cl⁻, jimillar ayon 1.204 × 10²⁴.

Miligiram a mayar da shi giram tukuna. Samfur mai danshi kuwa, har da ruwan kuka auna, sai a busar da shi.

Sai kalkuleta. In kuna raba wani adadi da lambar Avogadro, ku shigar da ita da maɓallin EXP, ko ku sa ta cikin baka. In ba haka ba, na'urar za ta raba da 6.022, sannan ta ninka da 10²³.