Yanar ido: abin da tawagar asibitin mishan ke yi idan ta zo ƙauye

Salama alaikum 'yan uwa, iyayena maza da mata, barkanmu da warhaka. Daga Manchesta nake magana, nan Ingila, inda nake aikin nas a sashen ido. Wani ɗan uwa daga yankin Sumaila ya turo mini saƙon murya. Ya ce mahaifinsa ya shekara 2 ba ya gani, jikansa ne ke yi masa jagora har yaron ya bar makaranta, ga shi an yi shela cewa tawagar wani asibitin mishan za ta zo duba ido. Yana tambaya ko ya kai Baba, kuma me za a yi masa. Malam, ka kai shi. Bari in nuna maka abin da za ka tarar tun daga layi har ranar cire bandeji.

Ku dubi abin da ke hannuna. Idon roba ne da ake koyar da ɗalibai da shi. Na buɗe shi. Kun ga wannan ɗan abin mai kama da ƙwayar wake a bayan baƙin ido? Shi ne madubin cikin ido, faɗinsa milimita 9 zuwa 10. A idon yaro garau yake kamar ruwan randa da ya kwanta. Da shekaru suka ja sai ya fara dushewa, har ya koma fari kamar farau-farau. Wannan ita ce yana. A cikin ido take, ba a samansa ba, shi ya sa babu maganin ɗigawa, ko kwalli, ko jiƙo da zai wanke ta. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na wannan makantar. Makanta ce da ake warkar da ita.

Aikin ido na mishan ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943 yake, likitan ƙungiyar mishan ta SIM, Dakta Douglas Hursh, ne ya kafa shi. Ita SIM ɗin ce kuma ta kula da masu cutar kuturta a Yadakunya tun shekarun 1930. Na san tambayar da ke zuciyar wasu, don haka bari in amsa ta kai tsaye. Ni Kirista ne. Gaskiya ne ma'aikatan asibitin mishan suna buɗe aiki da addu'a da safe, kuma domin Almasihu suke wannan hidima. Amma ba a tambayar addininka kafin a duba idonka, kuma a ƙasarmu akasarin masu zuwa Musulmi ne. Duk ma'aikacin da ya ɗaure magani da sharaɗin addini, a ganina ya ci amanar aikin.

Kafin mota ta iso, an riga an gana da hakimi, da dagaci, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, an yi shela a kasuwa da masallacin Juma'a da majami'a. An fi son bayan kaka, lokacin da hanya ta bushe kuma mutane sun bar gona. A ƙauye tantancewa kawai ake yi. Tiyata kuwa sai a ɗakin tiyata na gaske, ko dai a kwashi mutane a mota zuwa asibitin mishan ɗin, ko a ari ɗaki a babban asibitin gwamnati mafi kusa. Idan ka ga ana shirin yanka ido a ajin makaranta, taga a buɗe, ƙura na shigowa, ka riƙe hannun Baba ku koma gida.

Tantancewa ita ce rabin aikin, nan zan ɗan daɗe.

Da farko za a tsayar da Baba mita 6 daga allo mai alama kamar yatsu uku, ya nuna da hannu inda suka fuskanta. Ba sai ya iya karatu ba. Ido ɗaya ake gwadawa, a rufe ɗayan da tafin hannu. In bai ga ta sama ba, a matso a ƙirga masa yatsu. In bai gani ba, a kaɗa hannu. In har yanzu shiru, sai a ɗauko wannan, tocila. Ku lura da yadda nake yi. Ana haska ta daga sama, daga ƙasa, daga dama, daga hagu, a ce, "Baba, daga ina hasken yake?" Komai kaurin yana, haske yana ratsa ta. Wanda ya nuna duk kusurwoyi huɗu daidai, kuma ramin tsakiyar baƙin idonsa ya tsuke da aka haska, akwai kyakkyawan fata jijiyar ganinsa na da rai. Wanda ba ya ganin hasken kwata-kwata, ba yana ce kaɗai ke damunsa ba, kuma tiyata ba za ta dawo masa da gani ba.

A nan ake samun ɓacin rai. Tsofaffi biyu daga gida ɗaya, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya, sai a ce an yi son kai. Sau da yawa wanda aka bari hawan jinin ido ne da shi, wato gilakoma. Ruwan cikin ido ne ke taruwa ya danne jijiyar gani har ta mutu, a hankali, yawanci babu zafi. Awon matsin ruwan nan a lafiyayyen ido daga 10 zuwa 21 ne. Abin da gilakoma ta cinye ba ya dawowa, sai dai a tsare ragowar da magani ko wata tiyata daban. Kuma tana bin jini, don haka idan aka same ta ga Baba, 'ya'yansa da suka kai shekara 40 su ma su je a auna su.

Bayan haka za a auna hawan jini da suga. In sun yi sama sosai a ɗage aikin, a fara magani. Za a danna gefen ido ta wajen hanci. In mugunya ta fito, bututun hawaye ya toshe ya ruɓe, dole a magance shi tukuna, don ƙwayoyin cutar za su bi yankan su shiga ciki. Haka ma ido mai ja da kwantsa, da mai tari mai ƙarfi wanda ba zai iya kwanciya shiru ba. Ɗagewa ba kora ba ce.

Sai awon madubi. Ga shi nan a cikin ledarsa, bari in matso da shi. Kun ga ɗan gilashin roba, tsakiyarsa milimita 6, da ƙafafu biyu masu lanƙwasa kamar ƙugiya. Shi zai zauna a gurbin madubin da ya mutu har ƙarshen rayuwa. Amma kowane ido da lambar ƙarfin gilashin da ta dace da shi. Ana auna lanƙwasar gaban ido da na'ura ɗaya, a auna tsawonsa da wata, a lissafa. Mutane da yawa suna faɗawa tsakanin 20 da 22, sai dai idan aka ba kowa lamba ɗaya ba tare da awo ba, wasu za su fito suna gani dishi-dishi alhali aikin hannun likita bai da aibu. Tawaga mai kyau tana tafe da na'urorin awo da lambobi iri-iri. A da wannan ɗan abin ya fi ƙarfin talaka, har sai da masana'antu irin su Aurolab ta Indiya, wadda aka buɗe a 1992, suka karya farashinsa.

Ranar aiki Baba ya yi wanka, ya wanke fuska da sabulu, ya sa tufa mai tsabta, ya sha maganin hawan jininsa kamar kullum. Ba a sa shi barci. Za a ɗiga maganin buɗe ramin ido, a yi allurar kashe zafi a gefen ido, a wanke da aidin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Ba a ciro ido waje, kuma ba a sa wa mutum idon akuya. Wannan zance ne kawai da ke yawo. Likita na duba ta na'urar ƙara girman abu, ya yi yanka na milimita 6 zuwa 7 a farin ido, a karkace kamar rami, yadda zai rufe kansa ba sai an ɗinke ba. Ya buɗe 'yar jakar da madubin ke ciki, ya zaro yanar, ya wanke ragowar, ya zura gilashin roba a cikin jakar. A hannun gwani minti 10 zuwa 15 ne. Nan Ingila inji ne ke farfasa yanar ta ƙaramin yanka. Amma ga yanar da ta yi fari ta yi tauri, irin wadda ta fi yawa a ƙauyukanmu, aikin hannun nan yana ba da sakamako mai kyau, ga araha, kuma bai dogara da inji mai tsada ba.

Abin da majiyyaci ba ya gani shi ne bayan labule. Kayan aikin kowane mutum sai sun shiga tukunyar tururi, zafin digiri 121 na aƙalla minti 15. Idan mutane sun yi yawa, saitin kayan aiki ya yi kaɗan, ko man janareta ya kusa ƙarewa, nan gaggawa ke sa a gajarta dafawa, kuma kuskure ɗaya na iya shafar duk waɗanda aka yi wa aiki a ranar. Shi ya sa idan aka ce yau mutum 30 za a yi, saura gobe, kada ku matsa.

Dole in yi magana a kan masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yana da tsinke. Suna soka ido su ture madubin ya faɗa ciki. Nan take mutum zai ga haske, a yi murna, a biya su, su wuce. Bayan kwanaki sai kumburi, ko ruɓewa, ko hawan jinin ido. A wancan binciken, fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka taɓa su, kuma kusan uku cikin huɗu daga cikinsu a makance aka same su. Idon da aka tura, gyaransa ya fi na wanda ba a taɓa ba wuya nesa ba kusa ba. Kuma batun wai ba a yi wa yana tiyata "sai ta nuna" tsohon zance ne. Da zarar yana ta hana mutum aikinsa lokaci ya yi, in ta wuce kima ma tana iya tayar da hawan jinin ido mai zafi.

Washegari a cire bandeji. Daga nan aiki ya koma hannunka, Malam, kai da duk mai kula da Baba. Za a ba ku maganin ɗigawa mai kashe ƙwayoyin cuta da mai kwantar da kumburi, yawanci sau 4 zuwa 6 a yini da farko, ana ragewa har mako 4 zuwa 6. Ka wanke hannu da sabulu, ka ja fatar ido ta ƙasa, ɗigo ɗaya, bakin kwalba kada ya taɓa ido. In iri biyu ne, ka bar minti 5 a tsakani. Ka ɗaura lokutan da sallolin yini don kada a manta. Kada a raba kwalbar da maƙwabci. In ta ƙare kada a ci gaba da saye a kemis ba tare da likita ya ce ba, domin mai kwantar da kumburin, in aka daɗe a kansa, yana iya tayar da hawan jinin ido.

Makonnin farko babu murza ido, babu kwalli, babu nonon uwa ko ruwan ganye. Ruwa kada ya shiga idon wajen wanka ko alwala. Ku tambayi likita yaushe zai koma sujada, ku tambayi malaminku yadda zai yi kafin nan. In azumi ya riske ku, ku nemi fatawa, amma kada a ajiye maganin. Baba ya nisanci wurin sussuka da shiƙa, ya sa baƙin tabarau saboda ƙurar hunturu. In kuwa Inna ce aka yi wa aikin, roƙona ga matan gida, ku ɗauke mata murhu da daka na wata guda. Mata sun fi saurin komawa cikin hayaƙi tun ido bai warke ba, kuma su ne aka fi bari a gida ranar komawa asibiti saboda babu mai rakiya.

Alamu uku ne ba a kwana da su: zafi mai ƙaruwa, ja mai ƙaruwa, da ganin da ya dawo sannan ya fara raguwa, musamman a makon farko. Wannan na iya zama ƙwayar cuta a cikin ido, kuma tana iya cinye shi cikin kwana 1 ko 2. Kada a jira ranar kasuwa, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Tun kafin ku baro asibiti ka karɓi lambar wayar da za ka kira, ka ware kuɗin mota a gefe.

In komai lafiya, ku koma ranar da aka ba ku, a duba ko yana buƙatar tabarau na karatu, a sa ranar ido na biyu. Idan bayan shekara 1 ko 2 gani ya sake yin hazo a hankali ba tare da zafi ba, yanar ba ta dawo ba, bayan 'yar jakar nan ce ta yi duhu. Ana buɗe ta da hasken leza cikin 'yan mintuna, a zaune, ba yanka. Ka adana katin Baba a leda, ka tafi da shi duk ranar da za ku je. Ka gaida mini shi, Allah ya ba shi lafiya.