Rurin dodo a cikin akwatin kiɗa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

A watan Agustan 2024 wani kamfani da ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, mai suna Teenage Engineering, ya fito da wata 'yar na'urar haɗa kiɗa da ya raɗa wa suna EP-1320 Medieval. Girmanta bai wuce na littafin makaranta ba, da ƙananan batura huɗu take aiki, kuɗinta a lokacin dala 299 ne. In ka danna maɓallanta, abin da za ka ji shi ne molon Turawan da, da bushe-bushen fada, da muryoyin malaman coci suna rera waƙar ibada, da karon takubba, da tashin kibiya, da kukan dabbobin gida, da hayaniyar ƙauyawa, har da rurin dodon almara mai aman wuta. Rubutun da ke jikinta da harshen Latin aka yi shi. Kamfanin ya ma ce maɓallan suna ƙamshin koko. Duk wannan don a tuna wa mai ita da ƙarnonin tsakiya na Turai, wato shekarun da suka kama daga wajen 500 zuwa 1500, zamanin jarumai masu sulke da gidajen sarauta na dutse.

Ga wanda bai san irin wannan na'ura ba, aikinta shi ne ta ɗauki sauti ta adana, ko tari ne ko bugun ƙwarya, sai ta ba ka damar yanka shi, ka ɗaga shi ko ka sauke shi, ka jera shi yana maimaituwa har ya zama kiɗa. Da ire-irenta, kamar SP-1200 ta 1987 da MPC60 ta 1988, matasan baƙar fata na Amurka suka gina kiɗan hip-hop daga gutsattsarin tsofaffin faya-fayi. Don haka sana'ar ba sabuwa ba ce. Kayan da aka zuba a ciki su ne suka sa mutane suka tsaya.

Kuma lalle an tsaya. Wasu da farko sun ɗauka raha ce irin ta ranar ɗaya ga Afrilu, sai da suka ga ana karɓar kuɗi ana aika kaya. Wasu ransu ya ɓaci, kuma suna da hujja. Watanni kaɗan kafin nan, a ƙarshen 2023, wannan kamfani ya fitar da EP-133 K.O. II a kan farashi ɗaya, mai ma'ajiyar megabait 64 da mai ita zai cika da abin da ya ga dama. Sabuwar tana da megabait 128, amma 96 daga ciki an riga an cika su da kayan gidan, 32 kawai aka bar maka. Su waɗannan suka ce ai tsohuwar ce aka sake wa riga, aka kuma rage mata ɗaki. Ni ban ga laifin wanda ya faɗi haka ba. Makaɗin da ke neman abinci da na'ura dole ya auna me kuɗinsa zai saya masa.

Ga kuma waɗanda suka yi murna kamar an ba su kyautar sallah. Cikinsu akwai masu haɗa kiɗan wasannin kwamfuta, akwai kuma waɗanda tun lokacin kullen korona a 2020 suke sake kaɗa waƙoƙin zamani da kayan kiɗan da suna sawa a YouTube. Su a ganinsu an daɗe ba a ga kamfani ya yi abu don jin daɗi kawai ba.

Amma abin da ya fi jan magana shi ne ɗan bidiyon tallan. Babu wani mai bayani da ya fito ya ce ga amfanin kaza. Mutane ne cikin tufafi irin na da, suna wasu al'amura kamar na tsafi, babu labarin da za ka bi daga fari zuwa ƙarshe. Masu sanin fim suka ce sun gane gidan da aka yi aron wannan salo, kuma sunayen da ake kawowa a irin wannan magana su ne Alejandro Jodorowsky da Sergei Parajanov. A nan nake so mu ɗan zauna, domin a ganina wanda bai fahimci waɗannan fina-finai ba zai yi wa na'urar gurguwar fahimta.

Salon ana ce masa suriyalizim. Marubucin Faransa André Breton ne ya rubuta takardar kafa shi a Paris a 1924, shekara shida bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Matasan da suka ga yadda ƙasashe masu taƙama da hankali da ilimi suka kashe miliyoyin 'ya'yansu a ramuka, sai suka daina yarda da cewa hankali shi kaɗai ne jagora, suka koma tonon mafarki. A 1929 Luis Buñuel da mai zane Salvador Dalí suka yi wani gajeren fim, Un Chien Andalou, daga mafarkai biyu: ɗaya ya ga gajimare ya yanka wata kamar yadda aska ke yanka ido, ɗaya ya ga tururuwa na fita daga tafin hannu. Ka'idarsu ita ce duk hoton da za a iya bayyana shi da dalili, a jefar da shi.

Jodorowsky, haifaffen ƙasar Chile, ya ɗauki wannan ya kai shi maƙura a fim ɗinsa The Holy Mountain na 1973, wanda ya yi a Meziko. A ciki akwai wurin da aka kwaikwayi mamayar da Sifaniyawa suka yi wa Meziko, amma da kwaɗi da ƙadangaru sanye da kayan yaƙi. Ba tallarsa nake yi ba, domin fim ne mai tsiraici da abubuwan da yawancinmu ba za mu iya kallo ba. Abin da ya sa na ambace shi shi ne ƙarshensa. Bayan an sha wahalar hawa dutse neman sirrin dawwama, sai shugaban tafiyar, wanda Jodorowsky da kansa ya fito a matsayinsa, ya umarci kyamara ta ja da baya. Sai ga fitilu, ga ma'aikata, ga na'urar ɗaukar magana. Wato ya gaya wa mai kallo ƙiri-ƙiri cewa duk abin nan shiri ne.

Parajanov kuwa, ɗan asalin Armeniya a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, nasa ya fi taushi kuma ni ya fi taɓa ni. Fim ɗinsa The Color of Pomegranates na 1969 a kan rayuwar mawaƙi Sayat-Nova ne na ƙarni na 18, amma kyamara kusan ba ta motsi. Hoto ne bayan hoto kamar adon tsofaffin littattafan hannu: 'ya'yan rumman suna zubar da jan ruwa a kan farin ƙyalle, jiƙaƙƙun littattafai a shanye a kan rufi iska na buɗe shafukansu. Hukumomin Sobiyat ba su gamsu ba, suka sa aka sake yanka fim ɗin, daga baya ma mutumin ya yi shekara huɗu a kurkuku.

To me ya haɗa wannan da akwatin kiɗa? Na'urar ba ta yi da'awar cewa tarihi ce ba. Na'urar da ta ajiye rurin dodo kusa da waƙar coci ta riga ta ja kyamara baya, ta nuna maka fitilun. Mafarkin da Turawan yau suke yi game da kakanninsu ne aka zuba a roba aka sa wa batir. Mafarkin kuma fina-finai ne suka gina shi: jarumin da ke wasan dara da Mutuwa a bakin teku lokacin annoba a fim ɗin Ingmar Bergman na 1957, shi ma ɗan Suwidin, da jaruman fim ɗin 'yan barkwancin Birtaniya Monty Python na 1975 da babu kuɗin dawakai sai aka bi su ana buga ɓawon kwakwa biyu don a ji sukuwa. Wannan na ƙarshe ma darasi ne ga duk mai haɗa sauti: kunne ya ji kofato, sai zuciya ta zana doki.

Ina ganin wannan gaskiya ce da ta fi ta masu cewa ga ainihin kiɗan da. Babu wanda ya taɓa naɗar sautin ƙarni na 12. An fara rubuta sautin waƙar coci da alamomi a kan layuka a ƙarni na 11, aikin da ake danganta wa malamin cocin Italiya Guido na Arezzo, kuma waƙoƙin mace malama Hildegard ta Bingen, wadda ta rasu a 1179, sun iso mu a rubuce. Amma abin da makaɗan kasuwa da na biki suke kaɗawa, kaɗan ne ƙwarai aka rubuta. Kayan kiɗan ma yawancinsu daga zane da sassaƙa aka sake ƙera su. Akwai wani da ake juya masa hannu kamar injin markaɗe, wata 'yar ƙafar katako tana goga tsirkiya maimakon baka. Tsohon samfurinsa, wanda mutum biyu ke kaɗawa, yana nan a sassaƙe a ƙofar cocin Santiago de Compostela a Sifaniya tun 1188. Daga irin wannan dutse masassaƙan yau suka kwaikwayo.

Ga wurin da maganar ta zo ƙofar gidanmu. A shekarun 1960, da makaɗin Amurka Thomas Binkley da ƙungiyarsa ta birnin Munich suka so su raya waƙoƙin da, sai suka kasa kunne ga makaɗan Arewacin Afirka masu kiɗan Andalusi, wanda ake danganta wa Musulmin Sifaniya na da, don su koyi yadda ake shiga waƙa da yadda ake ƙawata ta. Suna da dalili. Sunan molon Turai, lut, daga al'ud na Larabci ya fito. Gogensu, rebek, daga rabab. A littafin waƙoƙin da Sarki Alfonso na 10 ya sa aka tsara a Sifaniya a ƙarni na 13, akwai zanen Musulmi da Kirista suna kiɗa kafaɗa da kafaɗa. Abin busar nan mai tsinin murya da ke cikin na'urar, wanda Turawa ke ce wa shom, ɗan'uwan algaita ne, kuma sunan algaita ɗaya ne da gaita ta Maroko. Doguwar ƙahon ƙarfe ta fadar Turai ma danginta ɗaya da nafir na Larabawa da kakakinmu.

Abin da Bature ya biya dala 299 a 2024 don ya ji a matsayin muryar zamanin da ya shuɗe, mutumin Kano ko Katsina ko Damagaram yana jin danginsa a raye duk hawan sallah, daga bakin mabushin da ya gada daga ubansa, kumatunsa a kumbure, yana shaƙar iska ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba. Su sai da suka tono daga dutse. Mu namu mutanen suna nan, sai dai a ɗakunan haɗa waƙa fiyano ya daɗe da karɓe wurin, kuma yaro zai iya haɗa waƙa ɗari bai taɓa zama gaban mai kukuma ba. Wannan yana damuna ƙwarai, fiye da yadda farashin wata na'ura a Stockholm zai dame ni.

Na'urar tana da 'yar makirufo a jikinta, da waɗancan megabait 32 da aka bari fanko, waɗanda masu ƙorafi suka ce sun yi kaɗan. Da za ta shigo hannuna, ƙofar fada zan kai ta ranar hawan Daushe, in nemi izinin sarkin busa, mu yi ciniki a kan haƙƙinsa tukuna, sannan in danna.

A huta lafiya.