Matan gona na Kaliforniya da ke koya wa juna shugabanci

Ku dubi matar nan da ke tsinkar inabi a wata gona ta jihar Kaliforniya a Amurka. Ta naɗe fuskarta da ƙyalle, ido kawai ake gani. Ƙura da maganin feshi take gudu, haka ne. Amma akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: kada idon shugaban lebura ya faɗa kanta.

Irin waɗannan mata, 'yan asalin Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, su ake kira Latina. Ɗaya daga cikinsu, Mily Treviño-Sauceda, wadda ta taso tana aikin gona tun tana yarinya, ta haɗa kai da wasu mata a kwarin Coachella a 1988. Zuwa 1992 tafiyar ta zama Líderes Campesinas, wato jagororin matan karkara, mai rassa a sassan jihar.

To, yaya ake horar da macen da ta wuni a duƙe cikin rana?

Ba a kai ta otal taron bita. A falon maƙwabciyarta ake zama bayan an tashi aiki, da harshen Sifaniyanci, yara na wasa a gefe. Maganar cin zarafi a gona ko dukan miji tana da nauyi a baki, don haka sai a mayar da ita wasan kwaikwayo. Wata ta fito a matsayin shugaban lebura, wata a matsayin sabuwar ma'aikaciya. Ana cikin dariya sai ka ji ɗaki ya yi tsit, don kowa ta gane labarin. Daga nan ake shiga bayanin abin da doka ta ce da inda ake kai ƙara. Wadda ta zo sauraro bana, baɗi ita ce mai jan zaman, wata ma har gaban 'yan majalisa a Sacramento, babban birnin jihar.

A Nuwamban 2017, lokacin da 'yan fim mata na Hollywood ke fallasa masu cin zarafinsu, haɗaɗɗiyar ƙungiyar matan gona ta ƙasa, Alianza Nacional de Campesinas, wadda Mily na cikin waɗanda suka kafa ta, ta rubuta musu wasiƙar goyon baya da sunan mata 700,000. Mujallar Time ta buga ta. A Janairun 2018 taurarin suka mayar da amsa, suka ƙaddamar da gangamin Time's Up tare da asusun biya wa mata kuɗin lauya.