Amsoshin Tambayoyinku: Mutum nawa za a tambaya, kuma wa zai zaɓo su?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙun da muka ware a wannan mako duk sun shafi ƙididdiga.

Ta farko daga wani malamin firamare ne a Bodinga. Ya ce: "Nakan ji a labarai wai bincike ya nuna kashi kaza na 'yan Najeriya suna da ra'ayi kaza, amma sai ka ji mutum dubu biyu kacal aka tambaya. Ni dai ba a taɓa tambayata ba. Wannan ba yaudara ba ce?"

Malam, zarginka yana da tushe, amma ba a yawan mutanen matsalar take ba. Dillalin hatsi a kasuwar Illela ba ya zazzage buhun gero kafin ya san ingancinsa. Ƙarfe yake sokawa sama da tsakiya da ƙasa, ya duba abin da ya zubo a tafin hannunsa. Abin da ba zai taɓa yarda da shi ba shi ne ya ɗiba daga bakin buhu kawai, don nan ake jera mai kyau.

Idan ƙuri'a ce ta zaɓo mutanen, ta yadda kowa a ƙasar yana iya faɗowa ciki, ga yadda lissafin yake. Mutum 100, amsar na iya kaucewa gaskiya da kamar kashi 10 cikin 100, sama ko ƙasa. Mutum 400, kashi 5. Mutum 1,000, kusan kashi 3. Mutum 2,500, kashi 2. A bincike 19 cikin 20, kuskuren ba zai wuce haka ba. Ka lura, kafin ka rage kuskure da rabi sai ka ninka mutanen sau huɗu, shi ya sa masu bincike da yawa ke tsayawa a dubu ɗaya zuwa biyu. Kuma yawan al'ummar ba ya sauya lissafin sosai. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Sakkwato kusan mutum miliyan 3.7, ta ba Najeriya miliyan 140, amma mutum dubun nan daidaicin da za su bayar kusan ɗaya ne a duka biyun. Inda za ka tsaya ka yi tambaya shi ne in an ɗauki dubun nan aka raba wa ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato, aka ce ga ra'ayin Bodinga, ga na Yabo. Kowace ta samu kamar mutum 43 ke nan, kuskuren ya kai kashi 15.

A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta ce ɗan takarar adawa Alf Landon zai kayar da shugaba Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta yi amfani da su akasari daga kundin lambobin tarho da rajistar motoci ta kwaso su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka damu su mayar da takardar ba irin waɗanda suka yi shiru ba ne. Wani mai binciken jin ra'ayi, George Gallup, ya tambayi mutane ƙalilan in an kwatanta, ya faɗi wanda zai ci daidai. Don haka, Malam, in ka ji sakamakon bincike, abin da za ka fara nema shi ne yadda aka zaɓo mutanen.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ta ce tana aikin kammala karatu kan zuwa awon ciki a ƙaramar hukumar Wamakko, ta tura tambayoyinta ta WhatsApp, mata 600 sun amsa. Ko sun isa?

'Yar uwa, kin yi ƙoƙari, amma ko 6,000 ne ba za su gaya miki halin matan Wamakko ba. Wadda ta amsa miki tana da babbar waya, tana da kuɗin data, ta iya karatun boko, kuma irin wannan ce ta fi zuwa awo tun asali. Wadda bincikenki ya fi buƙata, ta ƙauyen da ke nesa da asibiti, saƙonki bai ma isa wurinta ba. Ƙara yawan amsoshi ba ya gyara wannan karkata.

Ga yadda za ki yi. Rubuta sunayen unguwanni da ƙauyuka a takardu, ki naɗe su, a zuba a kwano, wani ya zaro, misali guda 10. A kowace da ta faɗo, ki fara gaida mai unguwa, ki nemi izini, sannan a rubuta gidajen kaf. In gidaje 200 ne kina son 20, tazararki 10 ce. Ki jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 10. In 7 ta fito, gidajenki su ne na 7, na 17, na 27, har ƙarshe. In gida babba ne mai sassa da yawa, ƙuri'a ce kuma za ta zaɓi matar da za a tambaya, kada ki tsaya ga wadda ta fara fitowa tarbarki. Da wannan tsari Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi binciken lafiyar al'umma na 2018: yankuna 1,400, gida 30 a kowanne, gidaje 42,000 ke nan. Sai dai ki sani, matan unguwa ɗaya asibitinsu ɗaya, hanyarsu ɗaya, amsoshinsu na kama da juna. Gara unguwanni da yawa da gidaje kaɗan-kaɗan, da ki tare a unguwa biyu.

Abin da ya fi ɓata irin wannan aiki shi ne musanya. Kin je gida na 17 ba ki tarar da matar ba, sai ki shiga na maƙwabta don rana ta yi zafi. Kada ki yi haka. Wadda ba ta nan wataƙila tana gona ko ta tafi ɗebo ruwa, kuma rayuwarta daban take da ta wadda kullum tana gida. Ki koma har sau uku, a lokuta daban-daban, in ba ki same ta ba ki rubuta hakan, ki faɗi adadinsu a rahotonki. Mace ce za ta yi tambayar, a keɓe, ba a gaban maigida ko uwar miji ba. Sannan ki duba lafazinki. In kin ce "Kina zuwa awo kamar yadda likitoci suka ce, ko?" kunya za ta sa a ce miki e. Ki ce "A cikinki na ƙarshe, sau nawa kika je awo?" In akwai katin asibiti ki roƙa a nuna miki.

Ta uku daga wani manomin albasa ce a Goronyo. Ya ce bara ya zuba sabon taki a rabin gonarsa na wajen ruwa, ya bar ɗaya rabin da takin da ya saba, wajen sabon ya fi ba da buhuna. Ya saya da yawa bana?

Alhaji, ka dakata tukuna. Wajen ruwa ya fi laima, ƙasarsa ma ta fi laka, ko ba sabon taki mai yiwuwa ya fi na tudu. Abu biyu ka sauya a lokaci guda, ba yadda za a san wanne ya yi aikin. Wannan ce matsalar da masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya warware a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a shekarun 1920, kuma hanyarsa ba ta fi ƙarfin manomi ba.

Raba gonar gida shida, daga bakin ruwa zuwa tudu, ta yadda kowane yanki ƙasarsa iri ɗaya ce. A kowane yanki ka ware komi biyu masu girma ɗaya, gefe da gefe. Jefa kwabo ya nuna wanda zai samu sabon taki, ɗayan ya samu tsohon. Kada ka zaɓa da ido, don hannu yakan kai abin da ake so inda ya fi kyau ba tare da mutum ya sani ba. Ka yi kunya mai tsayi tsakaninsu kada ruwan ban-ruwa ya kwashe takin wannan ya kai wa wancan. Iri ɗaya, dashe rana ɗaya, ban-ruwa da cire ciyawa da feshi duk ɗaya. Ka auna takin da mudu ɗaya, ka kafa turaku, ka rubuta a littafi wane komi ya samu me.

Ranar cira, ka bar layukan gefe, ka auna na tsakiya kawai, kuma a kan sikeli, domin cikar buhu ta danganta da wanda ya cika shi. Ya fi kyau mai awon bai san wanne ne sabon taki ba. In takin biyu ba su da bambanci, damar sabon ya yi nasara a yankuna shida duka bisa sa'a kawai 1 ce cikin 64, to in ka ga haka kana da hujja. In huɗu ya ci, tsohon ya ci biyu, wannan ba ya nuna komai, sa'a kaɗai takan kawo hakan. Sannan ka ajiye albasar kowane taki daban, ka sake aunawa bayan wata biyu ka cire wadda ta ruɓe, domin takin da ya yi yawan sinadarin naitirojin yakan ba da manyan kawuna da ba sa jure ajiya. Nauyin da ya rage a lokacin shi za ka kwatanta da kuɗin da kowane taki ya ci.