Amsoshin Tambayoyinku: Motocin da Ke Sa Mu Waiwaye a Titunan Zariya

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Takardun da muka ware yau duk na mota ne, irin motocin nan da in sun gifta sai ka ga har mai shayi ya ajiye kofi ya bi su da kallo.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Samaru. Ya ce ya ga wata 'yar mota mai doro an faka ta a bakin titi, mai ita ya buɗe bayanta yana duba inji, jakarsa kuma tana gaba. Yana tambaya, gyara aka yi mata ko haka aka ƙera ta?

To ɗan'uwa, haka take tun asali. Volkswagen Beetle ke nan, ta Jamus. Injinta a baya yake, kuma ba ta da lagireto sam, iska ce ke sanyaya shi, shi ya sa ba za ka taɓa ganin mai ita yana neman ruwan zubawa ba. An fara harhaɗa ta a Legas a 1975, malaman makaranta da ƙananan ma'aikata suka yi ta saye. Ta ƙarshe a duniya ta fito ne daga ƙasar Meziko a 2003, bayan an ƙera sama da miliyan 21. In ka sake haɗuwa da ita, ka saurari kukanta, daban yake da na kowace mota.

Sai wani malam daga Tudun Wada, yana so a bambanta masa Fijo 404 da 504, kuma wai da gaske ne a Kaduna ake yin su?

Allah gafarta malam, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ita 404 ta fito a Faransa a 1960. Fitilunta na gaba zagayayyu ne, gefunan bayanta na da tsini kamar fiffike, giyarta kuma galibi a jikin sitiyari take. 504 ta biyo baya a 1968, fitilunta masu faɗi da kusurwa, but ɗinta ya karyo ƙasa kamar an danna shi da hannu. Maganar Kaduna kuwa gaskiya ce. Kamfanin Peugeot na Kakuri ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, alhali su Faransawan sun daina yin ƙaramar tun 1983. Ita ce motar gwamnati a wancan zamani, ita ce kuma ta tasha, wagon mai layi uku da ta yi ta jigilar mutane tsakanin Zariya da Kano da Funtuwa. Juriyarta ba labarin baki ba ne, 504 ce ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975.

Makon jiya na leƙa wani gareji a Sabon Gari, na tarar da wani dattijon bakanike a kan wata 504 a-kori-kura. Ya cire kafireto ya zuba a kwano da ɗan fetur, yana goge shi da tsohon buroshin haƙori, yana hura ƙananan ramukan da bakinsa. Da ya mayar ya ce wa yaronsa ya tayar, sai ya sunkuya ya kasa kunne, ya juya sukuru ɗaya kaɗan, nan take kukan injin ya daidaita. Babu kwamfuta, babu waya. Ni dai a ganina irin waɗannan dattawa sun fi motocin kansu wuyar samu yanzu, kuma yaran da ke tsayawa su koya a hannunsu ba su da yawa.

Akwai gajeriyar tambaya daga wani matashi a Hanwa: ya ga mota mai tambarin doki ta wuce ta Kwangila, ko Ferrari ce? Ka tuna yadda dokin yake. Na Ferrari ya ɗaga ƙafafun gaba sama, a kan launin ɗorawa. In kuwa a miƙe yake yana sukuwa, Ford Mustang ce ta Amurka, wadda aka fara a 1964. Na fi kyautata zaton ita ka gani, don Ferrari cikinta dab yake da ƙasa, ramuka da tudun rage gudu ba sa raga mata.

Ta ƙarshe daga wata Hajiya ce a Gyallesu. Mahaifinta ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ya bar Marsandi mai sitiyari a dama da fitilu a tsaye, ta shekara da shekaru a ajiye, yanzu 'yan gwangwan sun yi tayi.

Hajiya, don Allah kada a yi gaggawa. Sai ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Kafin nan irin na Ingila muke yi, motocinmu sitiyarinsu a dama. Saboda haka mai yiwuwa motar Baba ta riga wannan canji shigowa, sai dai in daga baya aka kawo ta, takardunta ne za su raba gardama. Mai irin waɗannan fitilu da aka fara a 1968 dangin wadda aka harbi Janar Murtala a cikinta ce a 1976, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Onikan a Legas. 'Yan gwangwan kilo za su auna, masu neman irinta kuwa tarihi suke saye.

Tunda kayan gado ce, ku fara zama da sauran magada. Sannan a kira bakanike wanda ya san tsofaffin Marsandi, kuma kada kowa ya murɗa makulli tukuna. A juye tsohon fetur da baƙin mai, a duba ko ɓeraye sun ci wayoyi, a leƙa ƙarƙashinta a ga inda tsatsa ta kai. Ku nemo katin rajista da lambarta ta asali ku adana wuri guda. In kin samu hali, Hajiya, ki sake rubuto mana lambar da ke jikin but ɗin, 200 ce ko 220 ko 230, sai mu faɗa miki takamaimai wacce ce.