Shin sensar fakin tana ɓata fuskar motocin alfarma?

Assalamu alaikum jama'a. Mu ɗauki gaban wata motar alfarma a matsayin misali. Lamborghini Aventador ce, wadda aka fara fitarwa a 2011. Faɗinta ya ɗan haura mita 2, amma tsayinta daga ƙasa zuwa rufi bai kai mita 1.2 ba. Yanzu ku matso da ido kan bambar gaba. A irin waɗannan motoci za ku ga wasu 'yan da'irori, kowanne bai kai santimita 2 ba. Su ne sensar fakin, wato na'urorin da ke yi wa direba ƙara in ya kusa karo da wani abu yayin ajiye mota, kuma a kansu masoya mota ke ta musu. Wasu na cewa an ɓata fuskar mota, wasu na cewa tuƙa ta ba tare da su ba ganganci ne.

Masu ƙorafin suna da hujja. Mai zana irin wannan mota yana kwana yana tashi a kan layi ɗaya, yadda haske zai zamo daga fitila zuwa ƙofa ba tare da ya ci karo da komai ba. Wannan salon na gaba mai tsini ya yi suna ne da Lamborghini Countach, wadda Marcello Gandini ya zana a kamfanin Bertone na Italiya, aka nuna ta a Janeba a 1971, aka fara sayarwa a 1974. Ita ba ta da sensa ko ɗaya. Hasali ma direbanta in zai yi ribas, sau da yawa sai ya ɗaga ƙofa sama, ya zauna a bakinta, ya waiga baya yana tuƙi, don gilashin baya ɗan tsito ne.

To me ya hana a ɓoye sensar a ciki? Aikinta ne ya hana. Kamar jemage take yi: tana aika sauti mai kaɗawa sau 40,000 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, alhali kunnen ɗan Adam ba ya wuce 20,000. Sautin ya bugi bango ya dawo, kwamfutar mota ta lissafa lokacin. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, saboda haka bangon da ke nisan mita 1 zai maido amsa cikin kashi 6 bisa 1,000 na daƙiƙa. In aka sa sensar a bayan bamba, bambar ce za ta tare sautin. Dole fuskarta ta kasance a waje. Ana iya yi mata fenti kalar motar, amma shi ma in ya yi kauri sai ta kurumce.

Ni a ganina, waɗannan 'yan ɗigo ba su kai a kira su muni ba. Wanda ke son ganin abin da ya ɓata mota da gaske, ya nemi hoton Countach ɗin da aka kai Amurka. A 1973 dokar ƙasar ta ce bambar gaba sai ta jure karo na gudun mil 5 a awa, wato kusan kilomita 8. Sai aka liƙa wa wannan kyakkyawar mota wata ƙatuwar bamba a hanci, har masu ita da yawa suka riƙa cirewa. Ga kuma lambar mota da doka ta wajabta mana a gaba a nan Najeriya, wadda ta ninka sensa girma nesa ba kusa ba.

Inda ake samun muni shi ne in an ƙara sensar daga baya. Kamfani yakan cusa ta a gefen ragar shan iska, ko a baƙin wuri inda inuwa ke faɗawa, ta zauna daidai da jikin bamba. Amma ku dubi wadda aka huda wa bamba a gareji: zobe ya turo waje, fentin bai zo ɗaya ba, ta hagu ta ɗara ta dama tsayi. Wannan kam tun daga nesa ido ke kama shi.

Sai mu dawo gida Sakkwato. Direban irin wannan mota kusan a kishingiɗe yake, kuma hancin motar ya gangara ƙasa, ba ya ganin inda ya ƙare. Ku ɗauka yana neman wurin tsayawa a titin Ahmadu Bello da la'asar, 'yan kabu-kabu sun jera babura, ga turaku a bakin shago. A nan sensa na ceton dukiya, domin leɓen gaban motar galibi na zaren kabon ne. Ba ya lotsewa balle mai gyaran bodi ya buge shi ya miƙe. Tsagewa yake yi, sai dai a yi odar sabo.

Sai dai tana da iyaka. Abin da ya yi ƙasa sosai, irin bakin kwalbati ko gangaren siminti na ƙofar gida, yakan kuɓuce mata idan an matso. Tudun rage gudu kuwa ba ruwanta da shi. Shi ya sa Aventador ke da maɓallin da ke ɗaga hancinta da kusan santimita 4, wasu motocin kuma aka ƙara musu kyamara a gaba. Kamfanin Tesla ma ya fara cire irin wannan sensa daga Model 3 da Model Y a 2022, ya dogara da kyamara zalla.

Sannan ga ƙurar hunturu. In ta taru ta daskare a fuskar sensar, ko laka ta manne mata da damina, za ka ji tana ta ƙara alhali ba komai a gabanka. Kafin ka garzaya wurin mai wayarin, jiƙa tsumma mai laushi ka goge kowace da'ira a hankali. Kuma ka ja kunnen yaran wankin mota, kada su kafa mata bakin injin feshin ruwa kusa-kusa.