Ɗan wane ne, ko ina ya tashi?

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu, Alhazai da Hajiyoyi, sannunmu da zuwa, na san wasu daga aikin dare suka wuce nan ko runtsawa ba su yi ba.

A gida mun tashi mun tarar ɗan maƙeri ƙira zai yi, ɗan wanzam ya ɗauki zabira, marinan Ƙofar Mata a Kano har yau gado ne, sai mu ce abin a jini yake, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To amma yaron da ya buɗi ido yana jan zugazugi a maƙera, wa zai iya rabe mana jinin da tarbiyyar?

Shi ya sa masu bincike suka koma kan tagwaye. A Jami'ar Minnesota ta Amurka tun 1979 Thomas Bouchard ya riƙa nemo tagwaye masu kama ɗaya da aka raba tun suna jarirai, kuma an ga suna kama sosai a basira har da irin aikin da ransu ke so. Nan Ingila ma binciken tagwaye na jami'ar King's College da ke Landan ya nuna fiye da rabin bambancin sakamakon GCSE na yara, wato jarrabawar sakandare da ake yi a shekara goma sha shida, yana da alaƙa da gadon jini. Ba zan musa ba. Amma ku lura, yara ne da kowannensu ke da makaranta da malami da abinci. A Norway sai da karatu ya buɗe wa kowa sannan tasirin gadon ya ƙaru, a mazan da aka haifa bayan 1940. Kafin nan gidan da ka fito ya fi yanke hukunci.

Mu kanmu shaida ne ai, injiniya nawa ne a ɗakin nan ke tuƙa Uber ko aikin kula da tsofaffi? Jininsu bai canza a jirgi ba wallahi, takardu ne ba a karɓa ba, kuma babu wanda zai riƙe musu hannu.

Kuma don Allah mu daina hana aure wai yaro jikan mahauta ne, alhali likita ne a NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnatin nan.

Abin da nake roƙo, yaranmu 'yan aji goma ana tura su gwajin aiki na mako guda, da yawa a shagon kawu suke ƙarewa. Likitocinmu, lauyoyi, masu harkar kwamfuta, kowa ya ɗauki yaro ɗaya a wurin aikinsa. Sakatare zai zagayo da takarda bayan la'asar, a rubuta suna da wurin aiki. Na gode.